Yadda Ake Haɗa Kayan Hoki na Ƙanƙara, Daga Takalmi Zuwa Sanda

A Kanada, lokutan yamma a filin ƙanƙara na yara ne, babu mai ja da wannan. Manya sai ƙarfe goma na dare ko sha ɗaya suke samun fili. A lokacin ne direban babbar mota da malamar asibiti da mai gyaran famfo suke shigowa ɗakin canza kaya, kowa na jan jakarsa. A Calgary, inda nake bugawa, ƙungiyoyin manya irin waɗannan ba sa ƙirguwa, kuma yanzu akwai mu a ciki, waɗanda muka fara taka ƙanƙara bayan gemu ya cika. Babu albashi, babu 'yan kallo, galibi ma doka ta hana bangazar juna. Amma baƙin faifan robar da ake bugawa nauyinsa ya kai giram 170, kuma ƙanƙara ba ta sabo da kowa. Duk wanda zai shiga, dole ya san abin da zai sa a jikinsa da inda zai zuba kuɗinsa.

Yawancin kayan ba sa bukatar dogon bayani. Kariyar ƙwauri, ta gwiwar hannu, ta kafaɗa, wando mai katifa, safar hannu da kariyar gaba, duk ana samunsu na hannu a shaguna irin su Play It Again Sports, a farashin da bai kai rabin sabo ba. Doka ɗaya ce a kansu: kada a bar giɓi. Ka sa su duka, ka durƙusa, ka ɗaga hannu. Idan fata ta leƙo tsakanin wando da kariyar ƙwauri, ko tsakanin safar hannu da kariyar gwiwa, to nan faifan zai same ka, ba shakka.

Hular kwano ce kaɗai nake roƙon kowa ya saya sabuwa, mai tambarin inganci na CSA, domin ba ka san irin bugun da tsohuwa ta sha ba, kuma soson cikinta yana bushewa da shekaru. Ta zauna kamar faɗin yatsa ɗaya a saman gira, ka girgiza kai ba ta motsa ba. Ka sa mata ragar ƙarfe ta rufe fuska gaba ɗaya. Sandunan sababbin shiga sun fi na ƙwararru yawo a sama. Ka ƙara da kariyar wuya. Tun da ƙarfen takalmi ya yanke wuyan Adam Johnson na ƙungiyar Nottingham Panthers a Sheffield, a watan Oktoba na 2023, ya rasu, mutane da dama da ke ganin abin na yara ne suka daina gardama.

Sai takalmi. Nan ne komai yake.

Takalmin ƙanƙara ba ya bin lambar takalminka na yau da kullum. Yakan gaza ta da lamba ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka je shago da siririyar safa, irin wadda za ka yi wasa da ita. Mu da muka zo daga ƙasar zafi mukan so mu jibga safa mai kauri don tsoron sanyi, alhali ita ce ke sa ƙafa ta yi ta yawo a ciki. Ka zura ƙafa, ka buga dunduniya a ƙasa ta zauna, ka ɗaure. Idan ka miƙe tsaye, ya kamata yatsunka su riƙa shafar gaban takalmin kaɗan. Idan ka lanƙwasa gwiwa, su janye. Sannan ka taka ka ji ko dunduniya tana ɗagawa. In tana ɗagawa, ajiye shi, ko da kyauta aka ba ka.

Tsawo kaɗai bai isa ba, akwai faɗi da zurfi. Da yawa daga cikinmu da muka tashi da silifas, gaban ƙafarmu a baje yake, don haka kada ka ji nauyin neman mai alamar EE, ko Fit 3 a tsarin kamfanin Bauer. Zurfi kuwa da fensir ake gwada shi. A kwance igiya, a ture harshen takalmin gaba, a gitta fensir a kan huda ta uku daga sama. Idan ya kwanta a kan gefuna biyun bai taɓa doron ƙafa ba, madalla. Idan ƙafar ta ɗaga shi yana lilo, takalmin ya yi maka ƙaranci, kuma igiya za ta ci jijiyar gaban idon sawunka har ka rasa barci.

Kada tsada ta ruɗe ka. Takalmin da ya haura dala dubu an yi shi ne da tauri don ƙattin da ke gudu kamar iska. Mai koyo ba zai iya lanƙwasa shi ba. Na tsakiyar farashi daga Bauer ko CCM ya ishe ka shekaru.

Bayan an zaɓa, sai gashi. Shagon yana da ƙaramar tanda ta musamman da ke ɗumama takalmin a zafin da ke kusa da digiri 80, na 'yan mintuna, har jikinsa ya yi laushi. Ka sa shi da ɗuminsa, ka ja igiya gefe da gefe, ba sama ba, don kada hudojin su yage. Ka zauna shiru gwiwa a lanƙwashe minti goma zuwa sha biyar, ba miƙewa, ba takawa. Ka bar shi ya kwana ya wuni kafin ya ga ƙanƙara. Idan daga baya wani ƙashi yana maka zafi, shafa masa jan-baki, ka zura ƙafar a hankali. Inda jan ya fito a cikin takalmin, nan mai shago zai ɗumama ya tura waje da matsi.

Yanzu mun zo wurin da gwani yake bambanta da mai neman kuɗin cefane, wato washi.

Sabon takalmi yana zuwa ba kaifi. Wanda bai sani ba yana zaton ƙarfen ƙasan baki ɗaya gare shi kamar wuƙa. Ba haka ba ne. Kaurinsa kamar milimita 3 ne, kuma ana fafe tsakiyarsa daga gaba har baya, ya zama kamar indararon da aka kifa: kwarmi a tsakiya, kaifi biyu a gefe, na ciki da na waje. Duk juyi, duk tsayawa, duk tunkuɗa da ɗan wasa zai yi, a kan ɗaya daga cikin waɗannan bakuna biyu yake yin ta.

Mai washi zai ɗago kai ya tambaye ka, "Nawa kake so?" Zurfin kwarmin yake nufi. Yana gyara fuskar dutsen washinsa da tsinken lu'ulu'u ta yi gantsarwa daidai da wani ma'auni, kuma wannan gantsarwar ce ke shiga cikin ƙarfen. Ma'aunin da inci ake faɗinsa: 3/8, 1/2, 5/8, 3/4. Ƙaramar lamba, kwarmi mai zurfi. Mai zurfi yana cizon ƙanƙara sosai, ka yi kwana a ƙuntataccen wuri ba ka zame ba, amma yana nutsewa, yana cin ƙarfin cinya, gudu ya ragu. Marar zurfi yana sulɓi, ba ya gajiyar da mutum, sai dai yana bukatar ka san yadda ake jingina jiki. Idan ka yi shiru, yawancin shaguna 1/2 za su yi maka.

Ni ina ba babban mutum mai koyo shawarar ya fara da 5/8, musamman in ya haura kilo 80. Nauyinsa kaɗai ya isa ya danna kaifin cikin ƙanƙara. Kuma abin da ya fi ba sabon shiga wuya shi ne tsayawa, inda ake juya ƙafafu a gicciye a kankare saman ƙanƙara. Da kwarmi mai zurfi, ƙarfen ba ya yarda ya kankara, sai ya cije ya yi ta karkarwa, mutum ya kifa. Na ga mutane da dama da suka yanke wa kansu hukuncin ba za su taɓa iya tsayawa ba, aka canza musu lamba kawai, a daren suka tsaya.

Ka tsaya ka kalli hannun mai washin, abin kallo ne. Yana ɗaure takalmin a kwance cikin maƙalli, ya daidaita tsayinsa har tsakiyar ƙarfen ta fuskanci tsakiyar dutsen. Ya ɗan taɓa gaba, ya ɗan taɓa baya, ya duba tabon da dutsen ya bari, ya murɗa kusa kaɗan, ya sake. Sai ya fara ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tartsatsi na tashi, hannu ba nauyi ba gaggawa. Gwani ba ya dannawa. Mai dannawa yana ƙona ƙarfe har ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi. Mai jinkiri a ƙarshen ja yana cinye gaba da baya, alhali ƙasan ƙarfen an yi masa wata 'yar gantsarwa a tsawonsa, ta da'ira mai ma'aunin ƙafa 9 zuwa 13, wadda ita ke riƙe daidaiton tsayuwarka. Washin banza sau goma ya isa ya lalata ta. A ja na ƙarshe, gwani yakan shafa ɗan mai, ya tafi sannu a hankali, ƙarar dutsen ta yi laushi, ƙarfen ya fito yana sheƙi. Sannan ya bi gefuna da ɗan dutsen hannu ya share ɓurɓushin da ya rage.

Kada ka bar shagon sai ka duba. Kifa takalmin, ka ɗora tsabar kuɗi a kan ƙarfen, ka kai shi daidai ido. In ta kwanta ɗoɗar, bakunan sun yi daidai. In ta karkata, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, kuma za ka ga kana kwana gefe guda cikin sauƙi, ɗaya gefen ƙafa na gudu daga ƙarƙashinka. Ka duba gaba, tsakiya da baya. Ka goga farce a gicciye a kan kowane baki. Mai kaifi zai kankaro farin gari. Mai washin kirki ba ya jin haushin a duba aikinsa. Yanzu akwai injuna irin su Sparx da ke yin aikin da kansu, kuma ba sa kuskure sosai, amma inji ba zai kalli tsayuwarka ya ce maka, "Malam, wannan lambar ta yi maka zurfi," ba. Idan ka samu mai hannu, ka riƙe shi. Yawancin masu wasan dare suna komawa wurin washi bayan awa goma zuwa sha biyar a kan ƙanƙara, ko da zarar sun taka siminti, ko sun yi wasa a filayen unguwa na waje, waɗanda ƙanƙararsu ke dakusar da ƙarfe da wuri.

Waɗannan filaye na waje 'yan sa-kai ne ke fita da tiyo cikin tsananin sanyi suna zuba musu ruwa. Ka je ka ga yara, har yanzu wasu da riga mai lamba 12 ta Jarome Iginla, wanda ya jagoranci ƙungiyar Calgary Flames shekaru masu yawa, kuma mahaifinsa ɗan Najeriya ne. A nan ne za ka gane cewa wannan wasa ba gadon wata fata ba ne.

Sanda aikin gida ce. Hannunka mai ƙarfi shi ke riƙe sama; idan kana shakka, duba yadda kake riƙe shebur wajen kwashe ƙanƙarar ƙofar gida. Lambar da ke jikin sandar, 75, 85 ko 100, tana nuna taurinta, kuma ƙa'idar ita ce rabin nauyinka a ma'aunin fam. Mai kilo 80 fam 176 ne, rabinsa 88, sai ya nemi 85. Mai koyo ya sauka zuwa 75, domin sandar da ba ka iya lanƙwasawa ba ta harba komai. Tsayar da ita a gabanka kana sanye da takalmin ƙanƙara, ka yi alama daidai haɓa. Naɗa tef a wurin don kada ta tsage, ka yanke da zarton ƙarfe, ka mayar da murfin saman sandar. Ka tuna duk incin da ka yanke yana ƙara mata tauri. Gara ka rage kaɗan ka gwada, ko da yake in ka zarce akwai guntun itace da ake cusawa a ƙara tsawo.

Naɗin tef kuwa kowa da hannunsa. A sama ana yin dunƙule don kada ta suɓuce, kuma a iya ɗaukar ta daga ƙasa da safar hannu. A bakinta ana farawa daga baya zuwa gaba, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, ba tattara, ba kumfar iska. A murza shi da faifan roba ya kwanta, a goga kakin zuma don kada ruwa ya jiƙa shi.

Da ka dawo gida, komai dare, ka zazzage jakar. Share ƙarfen takalmi da tsumma, cire shimfiɗar ciki, ka shanya komai inda iska ke wucewa. Kada ka bar ƙarfen cikin kuben roba, tsatsa za ta cinye washin da ka biya. Idan kuɗinka kaɗan ne, ka sayi hula sabuwa, ka ba takalmi mafi yawan abin da ya rage, sauran ka ɗauka na hannu. Kuma ka rubuta lambar kwarminka da alƙalami a ƙasan takalmin, don duk shagon da ka shiga a yi maka abin da ƙafarka ta saba da shi.