CIWON ƘOƘON GWIWA: MU DUBA KWATANGWALO

Sau da yawa a taron zumuntar mata mukan ji kukan ciwon gwiwa, irin wanda yake gaba, a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Yakan tashi sa'ad da mutum yake hawan tudu ɗauke da tulu, ko yana gangarowa, ko ya daɗe a tsugune, ko kuwa ya miƙe bayan dogon zama a benci. Ba na tsofaffi kaɗai ba ne. 'Yan mata da samari ma suna fama da shi.

Ƙoƙon gwiwa yana zamiya ne cikin wani ɗan kwari a ƙarshen ƙashin cinya. Wajen hawan matakala, nauyin da yake danna shi ya kai na jiki kamar sau 3, a tsugune sosai kuwa har sau 7. Amma abin da yake riƙe ƙashin cinya daidai yana can sama, wato naman ɗuwawu da na gefen kwatangwalo. In naman nan ya yi rauni, sai cinya ta juya ciki, gwiwa ta karkata wajen 'yar'uwarta, ƙoƙon ya riƙa gogar gefe ɗaya na kwarin. Saboda haka tsagar wanzami a kan gwiwa asarar kuɗi ce da jini. Ga kuma hatsarin aska ɗaya ga mutane da yawa.

Ku gwada. Ku tsaya a kan dakali da ƙafa mai ciwon, ku sauko da ɗayar a hankali, wani yana kallo. In gwiwa ta faɗa ciki, kwatangwalo yana bukatar aiki.

Ku kwanta a tabarma ta gefe, ƙafa mai ciwon a sama. Ku ɗaga ta a miƙe kamar kamu ɗaya, ku sauke a hankali, sau 10. Sa'an nan ku kwanta rigingine, ku tanƙwara gwiwoyi, ku ɗaga ɗuwawu daga ƙasa, sau 10. A maimaita kowanne sau 3, a yi kwana 3 a mako. Kada a fid da rai da wuri, gama nama ba ya ƙarfi kafin mako 6 zuwa 12. Kafin nan a zauna a kujera wajen girki da wanki maimakon tsuguno, a kuma rage kayan da ake hawan tudu da shi.

In gwiwa ta kumbura, ko ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ta ƙage ba ta miƙewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa, wannan darasi bai shafe ta ba. A kai mutumin asibiti ran nan.