Kunne na jin "dom", takarda na neman "de" da "dem"

Wata 'yar'uwa da ta bi maigidanta ƙasar Suwidin, kuma take zuwa ajin koyon harshe na baƙi da ake kira SFI, ta aiko da kokenta. Ta ce abin da malama ke rubutawa a allo daban, abin da take ji a bas da kantin cefane daban. A littafi tana ganin jag, mig, de da dem, amma ba ta taɓa jin wani ya furta su haka ba. Shin kunnenta ne, ko mutanen ne ba sa bin ƙa'idar harshensu?

'Yar'uwa, kunnenki lafiyarsa lau. Rubutun harshen Suwidin ya riƙe tsohon fasali, baki kuwa ya daɗe da yin gaba, kuma a wakilan suna ne tazarar ta fi fitowa fili saboda su ake faɗa dare da rana. Abin da zai fisshe ki shi ne ki daina ƙoƙarin sasanta su. Ki yi magana yadda mutanen gari ke yi, ki yi rubutu yadda littafi ya nuna.

Mu fara da masu sauƙi. Jag, wato "ni", harafin g na ƙarshensa yakan faɗi, sai ki ji "ya", domin j ɗinsu y ɗinmu ne. Mig, dig da sig ana furta su "mey", "dey", "sey", daga mai shara har minista. Wasu kan rubuta su mej, dej, sej, salon da ya yi tashe a shekarun 1970, har yanzu kuma za ki gan shi a saƙon waya. Någon da något, wato "wani" da "wani abu", suna tsukewa su koma nån da nåt. Sådan ya koma sån. Waɗannan ba sa cutarwa. Ki haddace rubutun, ki kwaikwayi furucin, shi ke nan.

Inda gizo ke saƙa shi ne de da dem. Dukansu "su" suke nufi, kuma dukansu a bakin yawancin mutane "dom" ne. Bambancin a takarda kawai yake: de ga masu aikata abu, dem ga waɗanda aka yi wa, ko bayan kalmomi irin su med, till da för. De kommer, suna zuwa. Jag ser dem, ina ganinsu. Jag bor med dem, ina zaune tare da su. Tun da kunne ba ya rarrabewa, har 'ya'yan ƙasar suna tuntuɓe a nan, malaman makaranta kuma sun gaji da jan biro a kai.

Ga dabarar da su kansu ake koya musu. Duk inda kika yi shakka, ki cire kalmar ki gwada vi da oss, wato "mu" na aikau da "mu" na karɓau, domin waɗannan biyun ba sa rikicewa a baki. In vi ta zauna daidai, rubuta de. In oss ce ta zauna, rubuta dem. Za ki ce vi kommer, ba za ki ce oss kommer ba, saboda haka de kommer. Bahaushiya ma tana da nata makamin, tun da ba ta taɓa rikita "sun gan mu" da "mun gan su" ba. Inda Hausa za ta ce sun, suna ko suka, de ne. Inda "su" ta biyo bayan aikatau, dem ne. Sai ƙari ɗaya: idan kalmar ta zo gaban sifa da suna a jam'i, kamar de stora husen, manyan gidajen, de ce kullum, ko da gidajen ne ake saya ko ake rushewa. A gaban som kuwa, kamar till de som da till dem som, Språkrådet, hukumar da ke ba da shawara kan harshen, ta yarda da duka biyun, don haka kada ki ɓata dare a kansu.

A ganina kuskure mafi muni shi ne na mai son burgewa, wanda ke zuba dem ko'ina don yana jin ta fi kama da ta masu ilimi, har ya rubuta dem är här. Mai karatu ɗan ƙasa yana gani zai yamutsa fuska. Wanda ya rubuta dom daga farko har ƙarshe, iyaka a ce bai yi rubutun hukuma ba. Akwai ma masana da marubuta da suka daɗe suna kiran a mayar da dom ƙa'ida a huta, sai dai jaridu da ofisoshi da masu duba jarrabawa ba su bi su ba tukuna.

Akwai wani tarko da ya fi kama baƙi. Det, wato "shi" ko "abin", ana jefar da t ɗinsa, sai ya fito "de". Ke nan abin da kunnenki ya ji a matsayin "de" ba shi ne de na takarda ba. Idan maƙwabciyarki ta leƙo ta ce "de e kallt", det är kallt ta ce, ana sanyi. Idan ta ce "dom e hemma", de är hemma ne, suna gida. Ki rubuta wannan a bangon littafinki: na ji "de", in rubuta det, na ji "dom", in tsaya in zaɓa. A wasu yankuna, da kuma tsakanin masu jin harshen a Finlan, za ki iya jin "di" ko "de" a madadin "dom", amma a Sitokholm da kewaye wannan ƙa'idar za ta kai ki gida.

Sauran ki gane su kawai, ba sai kin rubuta ba. Våran da vårat a madadin vår da vårt, eran da erat a madadin er da ert, da jag såg han inda takarda ke son jag såg honom. Hen kuma, wakilin sunan da ba ya nuna mace ko namiji, wanda ya shiga kundin kalmomi na Svenska Akademien a 2015, za ki fi cin karo da shi a rubuce.

Batun girmamawa ma yana buƙatar kula, tun da mu mun saba ce wa babba "ku". A can du ake ce wa kowa, har likita da shugaban ma'aikata. Al'adar ta kafu a ƙarshen shekarun 1960, ana kuma yawan tuna Bror Rexed, wanda a 1967 da ya zama shugaban hukumar lafiya ya sanar cewa du zai riƙa ce wa dukan ma'aikatansa. Ni ɗinsu (wadda ke nufin "ku", ba ni ɗinmu ba) idan kika faɗa wa tsohuwa ita kaɗai, tana iya ɗauka kina nesanta ta ne.

Aikin gida: ki kunna labaran talabijin na SVT tare da rubutun da ke gudana a ƙasan allo, ki sa ido a kan de, dem da det kaɗai, kina haɗa abin da kika ji da abin da kika gani. Saƙon waya zuwa ga ƙawa, rubuta dom da mej abinki. Takardar neman aiki, wasiƙa zuwa makarantar yara da jarrabawar SFI kuwa, de, dem da mig, kuma ki sake karantawa kafin ki aika.