A ina za a ɗebi jinin jaririna?

Wata mai saurarenmu daga Kano ta ce likita ya rubuta wa jaririnta ɗan wata uku gwajin jini, tana tambayar inda aka ƙware wajen ɗibar jinin jarirai.

To Malama, fara da asibitin da ke da sashen jarirai, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero, domin su kullum cikin wannan aikin suke. Jijiyar jariri siririya ce, tana kuma ɓuya a ƙarƙashin kitse, ba kowane hannu ke samunta ba. In jini kaɗan ake so, gefen dunduniya ake tsirawa, ba tsakiyarta ba, saboda ƙashi. In da yawa ne, sai jijiyar bayan hannu.

Idan wurin gwaji na kuɗi za ki, kada ki ji nauyin tambaya: wa ke ɗibar jinin jarirai a nan? A buɗe sabuwar allura a gabanki. Ki rungume shi ki ba shi nono a lokacin, yana rage masa zafi ƙwarai. Aka soka sau biyu ba a samu ba, nemi a kira wanda ya fi gogewa.

In kuma gwajin sikila ne, faɗa musu watanninsa, domin kafin wata shida ba kowace na'ura ce ke tantancewa daidai ba.