Yadda A Ke Gane Tsohon Tangaran

A ƙasar Ingila akwai wani lardi da a ke kira Staffordshire. Mutanen wurin sun shahara da ginin tangaran, watau faranti da kofi da butar shayi da makamantansu. A zamanin da, daga ƙasar Sin a kan kawo tangaran mai kyau zuwa Turai cikin jiragen ruwa, amma sai mai hali ke iya sayensa. Saboda haka maginan Ingila suka yi ta neman dabarar yin mai araha, mai ƙarko.

A shekarar 1813 wani magini mai suna Charles James Mason ya karɓi takardar hukuma a kan wani irin tangaran nasa. Ya sa masa suna Ironstone, watau dutsen ƙarfe. Amma fa ba da ƙarfe a ke yinsa ba. Farin yumɓu a ke haɗawa da garin dutse, sa'an nan a gasa da wuta mai tsanani. Ƙarfinsa ne ya jawo masa wannan suna. Ba a daɗe ba waɗansu magina suka shiga yin irinsa. Daga wajen 1840 suka riƙa aika fari fat, marar zane, zuwa Amurka.

Yanzu akwai masu tara tsofaffin kayan nan, suna sayensu da tsada. Wanda bai san su ba ya kan sayar da mai daraja a banza, ko kuwa ya sayi sabo da kuɗin tsoho. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Shi ya sa masani ba ya ciniki sai ya yi gwaji huɗu.

Na farko, ya ɗauki farantin ya ji nauyinsa, sa'an nan ya ɗaga shi wajen fitila. Irin na Mason yana da nauyi, kuma haske ba ya ratsa shi. Na Sin marar kauri kuwa haske ya kan ratsa shi.

Na biyu, ya ɗora shi bisa yatsunsa, ya ƙwanƙwasa bakinsa a hankali. Mai lafiya ya kan yi ƙara kamar ƙararrawa. Wanda ya tsage kuwa muryarsa a dushe ta ke, ko da ido bai ga tsagar ba.

Na uku, ya kifa shi ya karanta tambarin da ke gindinsa. Tambarin Mason kambin sarauta ne da sunansa a bisa. Waɗansu magina su kan sa zaki da doki mai ƙaho ɗaya. In an ga alama mai kusurwa huɗu, da haruffa da lambobi a cikinta, to, an yi rajistar fasalin kayan tsakanin 1842 da 1883. In an ga kalmar England, galibi daga 1891 zuwa gaba aka yi shi, gama tun daga lokacin nan dokar Amurka ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito. Amma tambari kaɗai bai isa shaida ba. Mason ya karye a 1848, waɗanda suka gaji sana'arsa kuwa suka ci gaba da buga sunansa shekaru masu yawa. Akwai kuma macuta masu kwaikwayon tsohon tambari.

Na huɗu, ya duba lafiyarsa. Giɓi a baki, da tsaga, da tabon mai, da gyara da aka ɓoye, duk suna rage daraja.

Tsufa kaɗai ba ya kawo tsada. Abin da ke da wuyar samu shi ne mai kuɗi. Faranti an yi shi da yawa, saboda haka yana da araha. Babbar tasar miya kuwa, in tana tare da murfinta na asali, ta fi shi daraja nesa, gama murfi shi ya kan fara fashewa.

Tambayoyi

1. Wa ya sa wa tangaran nan suna, kuma a wace shekara?
2. Don me a ke ƙwanƙwasa faranti?
3. Me kalmar England ke nunawa?
4. Don me tasa mai murfi ta fi faranti daraja?