DARASIN MASUNTA: Zaɓen Zobba Domin Sandar Fatsa

Tun da aka gina manyan madatsun ruwa, kamar na Kainji a 1968 da na Tiga a 1974, da kuma ƙananan da ke kusa da ƙauyuka, manoma da yawa sun mai da kamun kifi sana'ar rani. Wasu samarinmu kuma sun bar fatsar gargajiya, wadda ake ɗaura zare a kan sanda kurum, sun koma ga sanda mai injin naɗe zare, gama da ita ana iya jifa nesa, inda manyan kifi suke. Amma kukansu ɗaya ne ko'ina na je: zare yana sarƙewa. Mutum ya yi sammako, ya ɓata rabin safiya yana warware ƙulli, daga bisani ya sa wuƙa ya yanke zaren da ya saya da tsada.

Ni ma na ɗanɗana. Bara na haɗa sanda da gora, na ɗaura mata zobba huɗu na wayar ƙafar keke. Ran nan giwan ruwa ya kama, ashe zare ya riga ya naɗe ƙafar zoben da ke kusa da tsini. Ja ɗaya ya yi, zare ya tsinke, ya tafi da ƙugiyata. Da na duba sai na ga laifin ba na zare ba ne, na zobba ne.

Sai mu fara da sanin yadda zare yake fita. Injin da aka fi samu shi ne wanda yake rataye a ƙarƙashin sanda, ƙwarƙwaronsa kuwa ba ya juyawa lokacin jifa. Zare yana zamewa daga bakin ƙwarƙwaro yana kewaye, kamar igiyar guga da aka naɗe aka wurga. Faɗin kewayen ya kai faɗin ƙwarƙwaron. Aikin zobba na farko shi ne su tattara wannan kewaye, su matse shi, har zare ya miƙe. In zoben farko ya yi ƙanƙanta ainun, ko ya yi kusa da inji, zare yakan taru a bayansa, na baya ya hau na gaba, ƙulli ya samu. In kuwa ya yi gajarta, watau ya kwanta kusa da jikin sanda, zare yakan riƙa dukan sandar, jifa ba ya nisa.

Saboda haka zoben farko ya kasance mai doguwar ƙafa. Tsayinsa ya fi faɗinsa muhimmanci, wannan kuwa shi ne abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. A dā ana sa manyan zobba, ana rage girmansu kaɗan kaɗan har tsini. A 1995 kamfanin Fuji na ƙasar Japan ya fito da wani tsari dabam: a matse zare da wuri da zobba uku, sauran duka su zama ƙanana marasa nauyi. Sanda ta fi sauƙi a hannu, tsininta ba ya rawa bayan jifa, rawar tsini kuwa tana cikin abin da ke jefa zare ya naɗe zobe. Wannan tsari nake ba ku shawara ku bi.

Ga yadda ake awo. Lambar da ake kiran zobe da ita tana nuna faɗinsa da milimita, misali 20, 12, 8, 6. Ka auna faɗin bakin ƙwarƙwaronka. A ce santimita 4 ne, watau milimita 40. Zoben farko ya zama wajen rabin wannan, lamba 20 ke nan. Sa'an nan ka ninka santimita 4 ɗin sau 27, ya ba ka santimita 108. Daga fuskar ƙwarƙwaro ka auna 108 zuwa wajen tsini, ka yi alama. A nan ƙaramin zobe na fari, lamba 6, zai zauna. Yanzu ka ɗaura zaren ɗinki a tsakiyar ƙwarƙwaro, ka ja shi ya miƙe zuwa alamar. Ka ɗauki zobe lamba 20, ka zame shi bisa sanda har bakinsa na waje ya taɓa zaren ɗinkin. Wurinsa ke nan. Yawanci yakan faɗi wajen santimita 50 daga ƙwarƙwaro. Haka za ka yi da lamba 12 da lamba 8. In ka leƙa ta cikin zoben farko, ya kamata ka ga sauran a jere, kowane cikin ɗan'uwansa.

Daga alamar zuwa tsini sai ƙananan zobba masu girma ɗaya. Nawa? Masu haɗa sanda sukan lissafta zobe ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, su ƙara ɗaya, ban da na tsini. Sanda mai ƙafa 7 za ta ɗauki 8. Na san wani zai ce wannan ɓarnar kuɗi ce. Amma inda tazara ta yi yawa, nan zare yake saki, zare mai saki kuwa shi iskar hunturu take kaɗawa ya naɗe ƙafar zobe. Ni dai gara in rage kuɗin fenti da in rage zobe.

Kada ka ɗaure su tukuna. Ka riƙe su da salatif ko tsinken robar tayar keke, ka zura zaren fatsa, wani ya riƙe bakinsa, kai kuwa ka ɗaga sanda ta lanƙwashe kamar kifi ya kama. Dubi zaren. Ya kamata ya bi lanƙwasar sanda a hankali. Inda ka ga ya yi kusurwa mai tsini, ko ya yi nesa da sanda kamar tsirkiyar baka, sai ka matsar da zobe ko ka ƙara wani. Gora ba ɗaya ba ce, kowace da inda take lanƙwasa, don haka awon maƙwabcinka ba lalle ya yi maka ba. Bayan wannan ka fita fili ka yi jifa kamar goma kana saurare. In ka ji zare yana dukan sanda, zoben farko ya yi gajarta ko ya yi nisa.

Siffar ƙafa ma abin dubawa ce. Zoben da ƙafafunsa suka tsaya cak, ko suke da kafaɗa a gefe, yana riƙe zare in ya naɗe shi. Wanda ƙafafunsa suka karkata zuwa wajen tsini, ba kafaɗa, zare yakan zame ya fita da kansa da zarar an ja. Fuji suna yin irin wannan, suna kiransa K, wasu kamfanoni ma suna da makamancinsa. Mai amfani da zaren saƙa, wanda ya fi nailan laushi, ya fi kowa bukatarsa. Wanda zai lanƙwasa nasa da waya, ya nemi wayar da ba ta tsatsa, ya naɗa ta a jikin ƙusa ko ƙarfe mai faɗin da yake so, ya karkata ƙafafun gaba, ya kuma tabbata bai bar tsaga inda wayar ta haɗu ba, gama nailan yana shiga tsaga komai ƙanƙantarta. Wayar tagulla ba ta yi, tana da taushi, zare yana yi mata kwari. Wayar keke kuwa kun ji abin da ta yi mini.

Zoben kanti mai farantin tangaran a ciki ya fi daɗewa, amma yana tsagewa in ya bugi dutse, ido kuwa ba ya ganin tsagar. Ka zura ɗan kaɗa ta ciki kafin ka biya kuɗi. In zaren kaɗa ya maƙale, ajiye shi.

Wajen ɗauri, ka goge bakin ƙafar zobe da zarto mai laushi ya yi siriri, domin zare ya hau ba tudu. Ka naɗe da zaren nailan na ɗinki, layi kusa da layi, ka ɓoye bakinsa a ƙarƙashin naɗin, ka shafa banish sau biyu ko uku. Duk wani tudu ko bakin zare da ya fito, ƙugiya ce ga zaren fatsa.

Wani lokaci fa zobba ba su da laifi. In ka cika ƙwarƙwaro har baki, zare yakan zubo a dunƙule; ka bar wajen milimita 3. In kana juya hannun inji alhali kifi yana jan zare waje, kana murɗa zaren ne, murɗaɗɗen zare kuwa ba zoben da zai hana shi sarƙewa. Maganinsa, ka cire ƙugiya, ka saki zaren cikin ruwa mai gudu, ya warware, ka naɗe shi tsakanin yatsu biyu.

Wanda injinsa yake zaune a bisa sanda, mai ƙwarƙwaro mai juyawa, kada ya bi awon nan. Nasa zaren yana fita a miƙe, sai ƙananan zobba gajeru, masu yawa, yadda zare ba zai taɓa sanda ba in ta lanƙwashe.

Aikin ƙungiya: a taro mai zuwa kowa ya zo da sandarsa, da ma'auni, da zaren ɗinki, da ɗan kaɗa. Za mu auna ƙwarƙwaron kowa, mu yi lissafin sau 27 tare, mu ga inda zobbansa suke da inda ya kamata su kasance.