Jirgin Ruwa Mai Tuƙa Kansa: Ina Kuskuren Ɗan Adam Yake Komawa?

Mai kwalekwale a gulbin da ya ratsa Wamakko yana jin ƙarfin ruwa a hannunsa, yana jin karkatar jirgi a ƙafarsa, tun kafin ya gani da ido. Wanda ke sarrafa jirgin ruwa daga nesa ba shi da wannan. Abin da ke gabansa allon kwamfuta ne kawai. Daga nan matsalar take farawa.

Yadda abin yake aiki

A Disamba 2018, kamfanonin Rolls-Royce da Finferries sun gwada jirgin fito mai suna Falco a ƙasar Finlan. Ya tafi da kansa, a dawowa kuma aka tuƙa shi daga wani ɗaki a birnin Turku. A Norwe akwai Yara Birkeland, mai tsawon mita 80, wanda ke aiki da lantarki, yana ɗaukar takin zamani, ana kuma lura da shi daga wata cibiya a garin Horten. Kyamarori da rada suna tattara bayanai, manhaja tana yanke shawara, mutum yana sa ido daga tudu. Wato ba a cire ɗan adam ba, wuri aka sauya masa.

Inda kuskure ke shigowa

Na farko, gajiyar kallo. Idan manhaja ta yi awanni tana aiki lafiya, hankalin mai lura yakan tafi wani wuri. Tun 1983 Lisanne Bainbridge ta yi bayanin cewa na'ura tana karɓe aiki mai sauƙi, ta bar wa mutum mai wuyar, alhali hannunsa ya riga ya yi sanyi.

Na biyu, lokaci. Jirgin da ke gudun kilomita 22 a awa yana cin kusan mita 6 duk daƙiƙa. Idan ƙararrawa ta buga, mai lura ya ɗauki daƙiƙa 30 kafin ya gane abin da ke faruwa, jirgin ya riga ya ci mita 180. Jirgin ruwa kuwa ba shi da birki irin na mota.

Na uku, kuma mafi haɗari, miƙa tuƙi daga hannu zuwa hannu. A ranar 21 ga Agusta 2017, jirgin yaƙin Amurka USS John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai kusa da Singafo, sojoji 10 suka mutu. Bincike ya nuna tuƙin ya koma wani allon taɓawa ba tare da matuƙan sun ankara ba, har suka ɗauka sitiyari ya lalace. Waɗannan suna cikin jirgin ke nan. Ina ga wanda ke zaune a wani gari?

Darasi ga mai rubuta manhaja

Wannan bai tsaya kan teku ba. Ya shafi jirgi maras matuƙi da famfon ban ruwa da ake kunnawa ta waya. Dole allo ya nuna ƙarara wanda tuƙi ke hannunsa a kowane lokaci. Kada tuƙi ya sauya hannu sai mai karɓa ya tabbatar. A rage yawan ƙararrawa, domin idan komai na kuka, ba a jin mai muhimmanci. Sannan a tsara abin da na'ura za ta yi idan sadarwa ta yanke, kamar rage gudu ko tsayawa wuri ɗaya, a kuma gwada shi tun ranar ba ta zo ba.