Mazauna Hanji da Dogarawansa

A cikin hanjin kowane mutum akwai waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda ba a iya ganinsu sai da madubin likita. Ana ce da su bakteriya. Yawansu ya fi gaban ƙirge, sun fi taruwa a babban hanji. Galibinsu ba macuta ba ne, su ne ma ke narkar da dusar hatsi da ganyen da ciki ya kasa.

A bangon hanji kuwa akwai waɗansu ƙwayoyi masu tsaro, kamar dogarawan ƙofar gari. Sun san ɗan gida, sun san baƙo. In mutum ya sha gurɓataccen ruwa, miyagun bakteriya suka shiga, sai dogarawan su tashi da yaƙi. Su kan zubar da wani sinadari mai suna histamin, shi kuwa ya farkar da jijiyoyin hanji. Jijiyoyin su kai labari ƙwaƙwalwa, sa'an nan mutum ya ji cikinsa na murɗa.

Yawanci in cuta ta wuce, ciwo ya wuce. Amma wani lokaci dogarawan ba su komawa barci. A shekarar 2021 masana a ƙasar Beljiyam suka ba da labarin ɓerayen da suka bai wa farin ƙwai sa'ad da suke ciwon hanji. Bayan sun warke sarai, duk ranar da suka ci farin ƙwai sai ciwon ya dawo, domin dogarawan sun ɗauki abincin a kan abokin gaba.